AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ko Zan Iya Ƙara Wa Kwamfutar Ƙungiyarmu Ƙwaƙwalwa Da Hannuna?

   

Wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka yau, domin amsarta na da ɗan tsawo. Ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Dandume ta Jihar Katsina, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ɗan kasuwar masara ne, kuma shi ne magatakardan ƙungiyar manoman garinsu. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Shekara biyu ke nan da ƙungiyarmu ta yi karo-karo muka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a Kano. A jikinta an rubuta HP EliteBook 840 G2. A cikinta nake ajiye sunayen 'yan ƙungiya, da bashin taki, da wanda ya biya da wanda bai biya ba. To yanzu ta yi nauyi ƙwarai. In na buɗe lissafi na kuma shiga intanet sai ta tsaya cik, mutane na tsaye a kaina ina ta jira. Wani ya ce mu sayar mu sayi sabuwa, mu kuwa ba mu da wannan kuɗi. Ɗana da ke karatu a Zariya ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan, giga 4 ce, kuma wai ana iya ƙarawa a gida. Ni dai ina tsoron in buɗe kayan jama'a in ɓata, ko sunayen su goge a ce na ci amana. Shin gaskiya ne ana ƙarawa? Kuma mutum irina zai iya?"

To Malam Magatakarda, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Gaskiya ne ana ƙarawa, kuma irin kwamfutar da ke hannunka tana cikin waɗanda suka fi sauƙin yi wa wannan aiki. Mutumin da ya iya canja fulogin babur ko batirin rediyo zai iya. Saka ta ɗin ba ya wuce minti biyar. Inda mutane ke asara shi ne kafin a kai ga sakawar, wato a sayi maganin da ba na cutar ba, ko a sayo irin da ba ta shiga. Saboda haka a nan za mu fi daɗewa.

Bari mu fara kwantar maka da hankali game da sunayen nan. Kwamfuta wuri biyu take da shi na ajiya, kuma mutane kan haɗa su su kira su da suna ɗaya. Kai ɗan kasuwa ne, kana da sito inda buhuna ke jibge, kana kuma da tabarmar da kake baje kaya a gaban rumfa. Abin da ke sito yana nan ko ka fito kasuwa ko ba ka fito ba. Abin da ke kan tabarma kuwa na cinikin yanzu ne, in an tashi kasuwa a kwashe a naɗe tabarmar. To siton kwamfuta shi ne faifan ajiya, a nan sunayen 'yan ƙungiya da lissafin taki suke kwance. Tabarmar kuwa ita ce ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira ram. Da zarar an kashe kwamfuta babu abin da ke saura a cikin ram, ko harafi ɗaya. Ashe ke nan cire ta ko ƙara ta ba ya taɓa lissafinku.

Yanzu ka duba abin da ke faruwa in tabarma ta yi ƙarama, ba ta ɗaukar fiye da kwarya biyu. Ka baje masara da gero, sai ga mai neman wake. Dole ka kwashe geron ka mayar sito, ka ɗauko wake. Kafin ka zauna ga mai neman gero ya dawo. Haka za ka wuni kana safa da marwa tsakanin sito da rumfa, masu saye na tsaye. Abin da kwamfutarka ke yi ke nan in ka buɗe lissafi ka haɗa da intanet. Windows kansa ya riga ya cinye kusan rabin giga 4 ɗin nan tun kafin ka taɓa komai, sauran kuma shafukan intanet na yanzu ba su da ƙoshi.

Duk da haka kada ka ɗauki maganar ɗanka ko tawa ka tafi kasuwa. Tambayi kwamfutar da kanta. Ka buɗe duk abubuwan da ka saba buɗewa har ta fara nauyin nata. Sai ka danne maɓallai uku a lokaci ɗaya: Ctrl da Shift da Esc. Wani shafi zai fito mai suna Task Manager. A ciki ka nemi inda aka rubuta Performance, ka danna, sannan ka danna Memory. Zai nuna maka yawan ƙwaƙwalwar da ke akwai da yawan wadda ake amfani da ita. In ka ga ta cika, kashi 85 ko 90 cikin 100, to ɗanka ya yi gaskiya. In kuwa ka ga rabi kawai aka ci amma inda aka rubuta Disk ya tsaya a kan 100 ba ya sauka, to ba tabarma ce matsalar ba, ƙofar siton ce ta tsufa. Maganin wannan shi ne a canja tsohon faifai mai juyawa a sa sabon irin da ake kira SSD, kuma wannan aiki ne da ya shafi lissafinku kai tsaye, sai an kwafe komai tukuna. Akwai kuma cuta ta uku, wato ƙura. In kwamfuta na zafi kamar dutsen guga, fankarta na ta kuka, to ta kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Na taɓa ganin wanda ya sayi ram har biyu bai ga canji ba, da aka buɗe sai ga ƙura ta toshe hanyar iska kamar an cusa auduga. Buroshi ya yi masa abin da kuɗinsa bai yi ba.

Kafin ka rufe wannan shafi na Memory, duba ƙasa daga dama. Za ka ga an rubuta Slots used, a gabansa kuma 1 of 2 ko 2 of 2. Ma'anarsa guraben ƙwaƙwalwa nawa ke ciki, nawa aka cike. Irin taka gurbi biyu gare ta. In ɗaya ne a cike, kai dai ƙari kawai za ka yi. In duka biyun a cike suke, wato giga 2 sau biyu, sai an cire an sa manya.

Sai abu ɗaya ƙarami wanda in aka manta da shi kuɗi ya tafi a banza. Windows iri biyu ne, mai 32 da mai 64. Mai 32 ba ya iya amfani da abin da ya wuce giga 4, ko da ka cika masa guraben. Ka shiga Settings, sai System, sai About, ka ga ko an rubuta 64-bit. In 32 ne, sai an sake ɗora Windows ɗin, wannan kam a bar wa ɗanka in ya zo hutu.

To mu zo kan saye, inda aka fi yin kuka. Ita ram ta kwamfutar tafi-da-gidanka wani ɗan allo ne siriri, galibi kore, tsawonsa bai kai santimita 7 ba, kamar ɗan yatsa. A gefe ɗaya yana da jerin haƙora masu ruwan zinariya, a tsakanin haƙoran kuma akwai giɓi guda. Ta babbar kwamfutar tebur ta kusa ninka wannan tsawo, ba ta shiga sam, kada a ba ka ita. Su kansu ƙananan kuma zuriya-zuriya ne. Akwai DDR3 da ta fito a 2007 mai haƙora 204, akwai DDR4 ta 2014 mai haƙora 260, sai DDR5 wadda ta shigo kasuwa a 2021 mai 262. Ba wanda ya ce ka zauna ƙirga haƙora. Masu ƙera ta sun sa giɓin kowace zuriya a wuri daban, don kada wata ta shiga gurbin wata. In ka ga giɓi bai dace da ɗan tudun da ke cikin gurbin ba, to ba tata ba ce, kuma ƙarfi ba zai sa ta zama tata ba.

Amma ga tarkon da ya shafe ka kai musamman, ka buɗe kunne da kyau. DDR3 kala biyu ce, kuma giɓinsu wuri ɗaya yake, kowace za ta shiga gurbin lafiya lau. Ɗaya tana shan wuta mai ƙarfin bolt 1.5, ɗayar kuwa, wadda ake ƙara wa harafin L a ce DDR3L, bolt 1.35 take sha. Kwamfutarka mai L ɗin take so. In ka sa marar L, za ta zauna daram a gurbi, ka kunna ka ga allo baƙi ƙirin, ka ɗauka ka kashe kayan jama'a, alhali harafi ɗaya ne ya ɓata lissafi. A jikin kowace ram akwai 'yar farar takarda. Abin da za ka nema a kai shi ne PC3L-12800S. Ɗauki biro ka rubuta: P, C, uku, L, sai 12800, sai S. Harafin S na ƙarshe shi ke nuna ta ƙaramar kwamfuta ce. Kuma kada mai shago ya ce maka ai duk EliteBook ɗaya ce. Ƙanwar taka, 840 G3, wadda lamba ɗaya ce kawai ta raba su, DDR4 take ɗauka.

Nawa za ka ƙara? Kamfanin ya ce wannan kwamfuta na ɗaukar har giga 16, wato 8 a kowane gurbi. Ni dai shawarata, ga mai lissafin ƙungiya da ɗan shiga intanet, ka sayi giga 4 guda ɗaya ka haɗa da wadda ke ciki su zama 8. Ya ishe ka, kuma biyu masu girma ɗaya sun fi tafiya tare, kamar shanun huɗa da aka haɗa sa'anni. In an sami mai giga 8 da araha, ita ma za ta yi aiki tare da ta cikin, su zama 12. Abin da ya sa ban ce ku zuba kuɗi da yawa ba shi ne, kwamfutar nan ƙirar 2015 ce. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma irin taka ba ta cikin jerin waɗanda ya amince a ɗora wa Windows 11. Za ta ci gaba da yi muku lissafi, ba shakka, amma tsohon jaki ba a saya masa sirdin doki. Ga shi kuma a ƙarshen 2025 farashin ƙwaƙwalwa ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira da suka yi ta wawure ta. Saboda haka a taya a shago biyu ko uku kafin a biya.

Ta hannu ba laifi ba ce. Ram ba ta da abin da ke juyawa ko gogewa a cikinta, ta kan daɗe, kuma irin wannan tsohuwar zuriya yawanci daga jikin matattun kwamfutoci ake ciro ta. Za a same ta wajen masu gyara a Zariya ko Funtuwa, in ba a dace ba sai Kano, wajen Farm Centre ko titin Beirut. Sunayen da aka fi gani a jiki su ne Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron da Kingston na Amurka. Sai dai takarda ana iya liƙa ta, saboda haka shaidar gaskiya ita ce abin da kwamfuta ta nuna bayan an saka. Ka duba haƙoran, kada ka karɓi mai alamar ƙuna ko tsatsa ko wadda gefenta ya ɓalle. Ku yi magana a fili da mai shago cewa in ba ta yi ba za a dawo da ita, ya kuma rubuta maka rasit.

A nan bari in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah. In har da kwamfutar za ka je kasuwa, to ka bar mai shagon ya saka a gabanka, a kunna, ka ga giga 8 da idonka sannan ka biya. Babu wata bajinta a ɗauko ta a kawo gida. Amma in ɗanka ne zai sayo ya aiko da ita a motar haya, kuɗin motarka zuwa da dawowa kuma ya kusa kuɗin ram ɗin kanta, to ga yadda za ka yi.

Tun da kayan jama'a ne, ka fara sanar da shugaban ƙungiya da ma'aji, in da hali ma su zauna su gani. Sannan ka kwafi lissafin nan gaba ɗaya a filash. Na ce aikin ba ya taɓa shi, kuma haka ne, amma kwamfuta mai shekara goma ko ba a buɗe ta ba faifanta na iya mutuwa kowace rana. Ina mamakin yadda bashin mutum ɗari zai kwana a wuri ɗaya ba kwafi.

Ka kashe ta kashewa ta sosai, wato Shut down, ba rufe murfi kawai ba, domin in an rufe murfi barci take yi, akwai wuta a jikin ram ɗin. Cire caja. Ka sami tebur ko faranti mai tsabta, da rana, inda akwai haske. A kori yara da kaji.

Yanzu ga wani abokin gaba da ba a gani. Ka san yadda a hunturu in ka tuɓe riga da dare ka kan ji ƙas-ƙas har ka ga tartsatsi, ko ka taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka? Wannan wuta ce da ke taruwa a jikin mutum in iska ta bushe. Kai ba ta yi maka komai, amma ta isa ta kashe ram ba tare da ka ga alama ba. Kada ka yi aikin a kan bargo ko darduma ko tabarmar roba, ka kuma cire rigar sanyi. Ka tsaya ba takalmi a kan siminti ko ƙasa, ka dafa ƙofar ƙarfe ko famfo kafin ka fara, ka riƙa sake dafawa lokaci-lokaci. Ita kuma ram ɗin a bar ta cikin ledarta sai an zo sakawa. In za ka ɗauka, ka riƙe ta ta gefe da gefe, yadda ake riƙe hoto don kada yatsa ya ɓata shi. Kada ka taɓa haƙoran.

Kife kwamfutar. Sa'ar da ka yi ita ce wannan ƙira ba ta buƙatar kwance sukurori barkatai. A bayanta akwai ɗan makulli da ake turawa gefe, sai murfin ƙasan ya zame gaba ɗaya ka ɗage shi. In ya ƙi, duba kusa da makullin, wasu kan ɗaure shi da sukuru ɗaya, sai ka sa ƙaramin sukundireba. Da ka ɗage za ka ga batir, baƙi mai faɗi, shi ma da 'yan makullansa. Zare shi. In ka ga batirin ya kumbura kamar burodi, kada ka matsa shi, kada ka huda shi, yana iya kamawa da wuta, kuma kada ka mayar da shi. Bayan ka cire batir, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15 don sauran wutar da ke ciki ta tsiyaye.

Za ka ga ram ɗin da ke ciki a kwance, wasu 'yan ƙarafa biyu sirara sun riƙe ta hagu da dama. Kusa da ita ga gurbi fanko. Kafin komai karanta farar takardar tsohuwar ka gwada da ta sabuwar, ka tabbata duka biyun PC3L ne. Sai ka daidaita giɓin da ɗan tudun cikin gurbi. Ba a kwance ake tura ta ba, ba kuma a tsaye ba, a karkace ake sa ta, kamar yadda bakin fartanya ke shiga ƙasa. Tura ta a hankali da yatsu biyu har haƙoran zinariyan su kusa ɓacewa cikin gurbin. Sannan ka danna bayanta ƙasa. Za ka ji ƙas, 'yan ƙarafan nan biyu sun kama ta ram. To ka ji inda sunan Bature ya yi daidai da Hausa. In ka danna ba ta kwanta ba, kada ka yi mata ƙarfi, ba ta shiga sosai ba ne, zare ka sake. In kuma cirewa za ka yi, buɗa ƙarafan biyu waje da farce, za ta ɗago da kanta, sai ka zare.

Mayar da batir, mayar da murfi, sa caja, kunna. Karon farko ta kan ɗan jima kafin ta tashi, wani lokaci ma ta rubuto cewa yawan ƙwaƙwalwa ya canja. Ba matsala. Koma Task Manager, in ka ga giga 8, ko 7.9, aiki ya yi.

In kuwa allo ya tsaya baƙi, ko ka ji tana ƙara, ko fitilar Caps Lock na ƙyaftawa, kada gabanka ya faɗi. Yawanci zaman ram ɗin ne bai yi daidai ba. Kashe, cire caja da batir, zare ta ka sake sakawa da kyau. In an sake haka, cire sabuwar ka bar tsohuwar ita kaɗai. Ta tashi? To kwamfutarku lafiyarta ƙalau, sabuwar ce ba ta yi ba, a mayar wa mai ita da rasit ɗinsa. Wata kuma za ta tashi amma ta riƙa mutuwa tana nuna shuɗin allo bayan kwana ɗaya ko biyu. A cikin Windows akwai abin gwaji na kyauta mai suna Windows Memory Diagnostic, ka rubuta sunan a wurin nema, ka bar shi ya yi bincikensa. Ka yi wannan gwaji tun ranar farko, tun mai shago bai manta fuskarka ba.

Sauran masu sauraro da ke da irin wannan niyya, kada ku ce abin da ya yi wa Malam Magatakarda zai yi wa kowa. Yawancin siraran kwamfutocin zamanin nan an liƙe ƙwaƙwalwarsu da dalma a jikin babban allon ciki, babu gurbin ƙari ko ɗaya. MacBook Air na kamfanin Apple haka take. Wasu kuma akwai gurbin amma a ɓoye, kamar ThinkPad T420 ta Lenovo, wadda gurbi ɗaya ke ƙasa, ɗayan kuma sai an ɗage madannan rubutu. Mai sabuwar kwamfuta da ke da garanti ya tambayi inda ya saya kafin ya kwance komai. Kuma duk wanda zai sayi ta hannu, ya tambaya tun a shago ko ana iya ƙara mata, ya sa a nuna masa.

Akwai kuma masu aiko mana da tambaya a kan waya, cewa sun sa memori mai giga 32 amma wayar ba ta daina nauyi ba. Memorin waya sito ne, na ajiye hotuna da karatu da waƙoƙi. Tabarmar waya a liƙe take tun daga masana'anta, ba mai ƙara ta, duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan zai ƙara ya cuce ka.

Malam Magatakarda, in ka yi aikin muna so ka sake rubuto mana ka gaya mana abin da Task Manager ya nuna kafin da kuma bayan. A gaida shugaban ƙungiya da sauran manoman Dandume, Allah ya kai mu damina lafiya. Jama'a, a nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.